Wane lensi zan saya don hoton iyali a waje? Hajiyarmu na tafe Sallah

Baban Biyu, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka fi ni sanin kyamara, don abin ya ɗaure mini kai, ga lokaci na ƙurewa.

Ni ba mai hoto ba ne, shagon kayan waya gare ni a nan Agege wajen Pen Cinema. Shekara uku ke nan da na sayi Canon 600D tokumbo, da ɗan lensin da take zuwa da shi, 18-55. Da shi nake ɗaukar yara, wani lokaci in ɗauki kayan shago in sa a WhatsApp. To bana Hajiyarmu za ta taso daga Funtuwa ta yi Babbar Sallah a Ikko. Yayana na Mile 12 zai zo da iyalinsa, ƙanwarmu da ke aure a Idi-Araba ma haka. Na ƙirga mu 14, har da jaririya 'yar wata huɗu. Rabon da mu haɗu gaba ɗaya tun rasuwar Baba, shi ya sa nake son hoto na gaske, wanda za a wanke babba a rataye a falo, kowane gida ya samu nasa.

Abin da ya sa na tsorata kuwa shi ne na bara. Hajiya ta zo mana kwana goma, sai na ari 50mm f/1.8 wurin wani abokina mai ɗaukar biki. Ya ce in buɗe shi har ƙarshe, in sa 1.8, baya zai narke kamar na masu situdiyo. Na zaunar da Hajiya a kujera a ƙofar gida, 'yan biyuna da yayarsu suka zauna a tabarma gabanta, na ja baya kamar taku biyar na danna. A ɗan allon kyamara hoto ya yi kyau har ina yi wa kaina kirari. Sai da na kai aka wanke. Fuskar Hassan tar, har gashin girarsa ana ƙirgawa. Hajiya kuwa ta yi dishi-dishi kamar an hango ta cikin hazon hunturu, ga farin mayafinta ya ƙone fat, ko ɗinkin bakinsa ba a gani. Ta juya hoton a hannu ta ce, "Ashe jikokin ka ɗauka, ni rakiya na yi." Har yau in mun yi waya sai ta tambaye ni ko kyamarar ta warke.

Bayan wannan, da muka so ɗaukar na kowa da kowa a tsakar gida, lensin ya ƙi ɗauke mu. Na ja baya har bayana ya daki tankin ruwa, mutum biyu na gefe ba su shigo ba.

Ranar Asabar na shiga Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja. Shago uku, magana uku. Na farko ya ce 85mm f/1.8 shi ne sarkin hoton mutane. Na biyu ya ce in sayi 50 nawa na kaina. Na uku ya fito da Sigma 17-50 f/2.8 ya ce shi kaɗai ya ishe ni komai. Naira dubu 200 na ware, ba zan taɓa jarin shago ba. Wurin da nake tunani shi ne lambun JJT da ke Alausa, tunda ba nisa daga gida. Wanne zan ɗauka?

Tsohon Mai Hoto, Obalende

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Tun zamanin fim nake wannan sana'a, kuma tambayar da nake fara yi kafin in ɗaura kowane lensi ita ce: mutum nawa ne, kuma taku nawa zan iya ja baya? Masu shago ba za su tambaye ka wannan ba, abin da ke cikin gilashinsu suke son ya fita.

Kyamararka mai ƙaramar sensa ce, wato farantin ciki da ke kama hoton a madadin fim, faɗinta milimita 22.3. A irin waɗannan na Canon, duk lambar mm da ka gani a jikin lensi ka ninka ta da 1.6, kuma in lambar ta ƙaru, faɗin abin da lensi ke ɗauka raguwa yake. Hamsin ɗin da ka aro, a kyamararka kamar 80 yake gani. Shi ya sa ka daki tanki. 85 ɗin da ake yi maka talla kuwa zai zama kamar 136.

Ga lissafinku. Mutum 14, sahu biyu, bakwai-bakwai. Da babbar riga da gwaggwaro da komai, ka ba su faɗin mita 4. Kafin su shiga hoto duka:

da 24mm sai ka tsaya mita 4 da 'yan kai,
da 35mm mita 6 da kaɗan,
da 50mm wajen mita 9,
da 85mm mita 15.

Mita 15 a lambu ranar yawon Sallah! Kafin ka danna, mai sayar da askirim da yaran mutane goma sun ratsa tsakaninku, kuma sai ka yi ta ɗaga murya kamar ɗan kamasho kafin na ƙarshen sahu ya ji ka ce a gyara hula.

Sai batun Hajiya da ta yi dishi-dishi. Lensin lafiyarsa lau, abokinka ne ya ba ka rabin karatu. Lambar nan ta f, ƙofar haske ce. Ƙaramar lamba, ƙofa a wangale, amma wurin da yake fitowa tar sai ya tsuke. Da 50mm a kan 1.8, in kana mita 3 daga mutum, abin da zai fito sosai bai wuce santimita 25 ba daga gaba zuwa baya, taƙi guda da ɗan ɗori. In kana mita 4, kamu guda ne, wajen santimita 45. Kai kuma ka sa yara a tabarma, Hajiya a kujera bayansu da kusan mita guda, kyamara ta cafke fuskar da ta fi kusa. Ina Hajiya za ta fito? Da ka mayar da shi 5.6 a wannan tazarar, da ka samu kusan mita ɗaya da rabi, kowa ya shiga.

To ka lura da wani abu. Hoton taro a 5.6 ko 8 ake ɗaukarsa. Ɗan 18-55 ɗin da kake rainawa yana da 35mm a jikinsa, yana da 5.6, yana da 8, kuma a nan ne ma ya fi kaifi. Ke nan hoton da za a rataye a falo, lensinsa yana cikin jakarka tun shekara uku. Murɗa shi zuwa 35, sa kyamara a Av, inda kai ke zaɓar lambar f, zaɓi 5.6 ko 8, ka matso da sahun baya su manne da na gaba, ka sa fokas a kan fuskar Hajiya da ɗigon tsakiya. Kada ka bar kyamara ta zaɓa maka cikin ɗigo taranta, kullum na kusa take bi.

In dai sai ka sayi wani abu, sayi 50 ɗin. Amfaninsa hoton mutum ɗaya ko biyu: Hajiya ita kaɗai, Hajiya da jaririya a cinya, kai da yayanka. Shi ma kada ka sauka ƙasa da 2.8 sai hannunka ya faɗa. Sauran canjin ka ƙara a kuɗin rago.

Ɗan Mile 12

Baba Allah ya ƙara girma, amma ni dai 85 nake yi. Duk wanda ya ga hoton 85 a 1.8 ba zai sake kallon 18-55 ba, wannan ai lensin koyo ne. Baban Biyu ka daure ka cika kuɗi. Ni har Elegushi nake zuwa da shi, baya narkewa yake kamar man shanu a rana.

Maman Hoto, Idi-Araba

Ɗan Mile 12, wace kyamara ce a hannunka? In 6D ce ko 5D masu babbar sensa, maganarka daidai ce a wurinka, 85 yana nan a 85. Shi 600D gare shi, hamsin ɗinsa shi ne kusan 85 ɗinka. Kuma kai saurayi da budurwa kake ɗauka a bakin teku, shi zuri'a guda zai tara.

Baban Biyu, ni suna da kamu da walima nake ɗauka, yawanci ɓangaren mata, shekara ta bakwai ke nan. Na yarda da Baba a kan lissafi. Abin da zan ƙara shi ne abin da mata za su kama ka da shi, don su ne za su zauna su yi wa hoton nan filla-filla bayan kowa ya watse.

Kada ka kuskura ka ɗauki taro a 18mm don wuri ya yi maka kaɗan. Wanda ya tsaya a gefe faɗi yake ƙarawa, fuska ta baje, kafaɗa ta miƙe. Na taɓa yi a wani suna a ɗaki mai ƙunci, yayar mai jego ce a ƙarshen sahu. Da ta ga hoton sai ta ce mini, "Ke kuma me na yi miki?" Sai da na sake zuwa gidanta na ɗauke ta ita kaɗai kyauta kafin muka shirya. Daga 28 zuwa 35 ka tsaya, kuma ka bar ɗan fili a hagu da dama. Filin nan zai yi maka rana wurin wanki ma, don hoton kyamararka 3 bisa 2 ne, in ka ce a wanke 8 bisa 10 ko 16 bisa 20 sai an yanke gefe. In ka cika hoton maƙil da mutane, hannun wani za a yanke.

Mayafin Hajiya da ya ƙone kuwa, na tabbata da tsakar rana ka ɗauka. A rana tsaka, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, in ka buɗe 1.8 kyamara tana bukatar gudun shata, wato saurin buɗewa da rufewarta, wajen 1/8000 na daƙiƙa. Taka iyakarta 1/4000. Haske ya ninka abin da take iya ɗauka, farin kaya ne kuma ke fara tafiya. Ranar Sallah ga farar shadda mai maiƙo, ga fatarmu baƙa, nan aikin yake. In ka biye wa fuska shadda ta ƙone, in ka biye wa shadda fuska ta yi duhu. Maganinsa inuwa. Amma inuwa mai kauri, irin ta gefen gini ko bishiya mai duhun ganye. Inuwar da rana ke ratsawa tana yi wa fuska dabbare-dabbare, babu gyaran da ke cire shi. Ka tsayar da su a bakin inuwar suna fuskantar fili, ba can ciki ba. Bayan ka ɗauka ka danna INFO har ƙaramin hoto ya fito da bayanansa, duk inda ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa. In ka ga rigar yayanka tana ƙyafce, rage haske kaɗan ka sake. Ka sa RAW, wato ɗanyen hoton da ake iya gyarawa, tare da JPEG na yau da kullum, ko ba ka iya gyara ba wani zai gyara maka.

Ni da so samu ne ma, kada ka yi ranar Sallah. Ranar nan maza na fama da fiɗa, mata na bakin murhu, kowa na warin hayaƙi. Washegari ko rana ta uku, bayan La'asar. Ku isa ƙarfe 5, zuwa 6 da rabi kun gama. A damina magariba wajen 7 take yi a Legas, kuma ka san garin nan, rana in ta tashi faɗuwa ba ta jan rai, kana gyara wa yaro hula sai ka ga duhu. In Allah ya sa gari ya yi lumshi, ka gode masa, babu hasken da ya kai wannan kyau a fatarmu. Ka dai riƙe leda babba a jaka saboda ruwan Ikko ba ya sallama.

A lambun, nemi inda bishiyoyi suke nesa da bayansu, mita goma ko fi. Mutane suna zaton 1.8 ne kaɗai ke narkar da baya. Nisan bayan ma yana yi. In ka jingina su da shinge, ko wane lensi ka sa shingen zai fito.

Inda na saɓa da Baba kaɗan: in da ni ce da yara takwas a gida, 55-250 STM zan duba kafin 50. Yara ba sa tsayawa. Hoton da iyaye suka fi so a wurina ba na sahu ba ne, wanda na ɗauka daga nesa ne yaro bai sani ba, yana gudu ko yana jan gyalen kakarsa. A 135 zuwa 200, ko a 5.6 baya yana narkewa sosai. Sai dai ka riƙe shata a 1/500 ko sama, ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 in yamma ta yi. Abin hana rawar hannu da ke jikinsa hannunka kawai yake riƙewa, ba ya riƙe yaro. Amma tunda Hajiya ce gaba a wannan karon, 50 ɗin ma ba laifi.

Ka tambaya a ƙofa kafin ka fito da kyamara. Wuraren shaƙatawa da yawa a garin nan ba sa magana in waya ce, amma suna ganin babbar kyamara sai batun izini ko kuɗi ya taso. Gara ka je kwana biyu kafin nan ka ji. Ka kuma tafi da kujerar roba mai hannu saboda Hajiya, a rufa mata darduma mai kyau.

Mai Gyara, Ikeja

Ni gyaran kyamara da lensi nake yi, ba zan sa baki a wanne ya fi ba. In tokumbo za ka saya, ga abin da za ka yi a gaban mai shagon.

Cire murfi gaba da baya, kunna tocilan wayarka, haska daga baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai, kowane lensi yana da ita. Abin gudu shi ne zare-zare fari kamar saƙar gizo-gizo, ko wani hazo a gilashin ciki. Funfuna ce. Rabin abin da ake kawo mini a garin nan ita ce, saboda laimar Legas. In ta daɗe tana cin rufin gilashin, ko na wanke tabon yana nan.

50mm f/1.8 na Canon iri biyu za ka fi gani a kasuwa. Tsohon, mai II a jiki, gindinsa roba ne, yana ƙara in yana neman fokas. Sabon, STM, wanda ya fito a 2015, gindinsa ƙarfe ne, bakinsa 49mm. Shi za ka nema. Akwai na Yongnuo mai kama da tsohon sak, ya fi araha, yana aiki, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin Canon. Karanta sunan da ke gaban gilashin.

Je da kyamararka. Ɗauki rubutun wani kwali a 1.8, sannan a 8, ka zuƙo hoton har ƙarshe ka duba hagu da dama ko ɗaya ya fi ɗaya kaifi. In haka ne ya taɓa faɗuwa. A rubuta maka lambar jikin lensin a rasit.

In ka kai gida kada ka ajiye shi a jakar kyamara cikin durowa har wata Sallar, nan funfuna take so. Samo roba mai murfi da ke rufuwa gam, zuba 'yan ƙullin silika irin na kwalin waya, ai shagonka ba a rasa su. In kuma motar da za ku je da ita mai sanyi ce, bar kyamara a jaka minti goma bayan kun sauka, in ba haka ba gilashi zai yi gumi.

Baban Biyu, Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka. Jiya Lahadi bayan La'asar na kwashi 'yan biyu da yayarsu da uwarsu muka je Alausa gwaji. Na ajiye takalmin Hassan a nan, na Hussaini a can, na auna taku tsakaninsu kamar faɗin mutum bakwai, na ja baya a 35. Taku tara na yi suka shigo duka har da ɗan fili kamar yadda Maman Hoto ta ce. Na sa uwarsu a baya, yara a gaba, na ɗauka a 5.6. Na buɗe a kwamfutar shago yau da safe, na zuƙo fuska ɗaya bayan ɗaya, kowa tar. Wallahi har kunya ta kama ni, shekara uku ina zagin lensin nan a banza.

Na koma Ikeja na ɗauki 50 STM. Na farkon da aka miƙo mini, ina haskawa na ga zaren nan a gefe kamar an zana da allura. Mai shagon ya ce ƙura ce, na ce to a ba ni marar ƙurar. Mai Gyara, kai ka cece ni. 55-250 sai bayan Sallah in kasuwa ta yi.

Saura matsala ɗaya da ban tuna da ita ba sai da matata ta faɗa a mota: mu 14 ne har da ni. Wa zai danna?

Tsohon Mai Hoto, Obalende

Madalla. Kada ka miƙa wa ɗan wucewa, zai yanke muku ƙafafu ko ya karkatar da ku. Ari ƙafar kyamara wurin abokin nan naka, ai yana da bashin hoton bara a wuyansa. Kafa ta daidai ƙirjinka. Jera kowa, ka bar gurbinka a ƙarshen sahun baya inda za ka shiga ba tare da ka ture kowa ba. Sa fokas a fuskar Hajiya, sannan ka tura maɓallin jikin lensi daga AF zuwa MF, wato fokas na hannu, don kada ya sake nema, ka kashe abin hana rawa tunda ba a hannu take ba.

A cikin saitin lokaci na kyamararka akwai wanda yake jira daƙiƙa 10 sannan ya ɗauka a jere, daga 2 har 10. Sa shi a 10. Cikin mutum 14 dole wani ya ƙyafta ido, dole jaririya ta juya, amma cikin goma za ka samu ɗaya. Yi haka sau uku. Allon 600D yana juyowa gaba, amma kada ka juyo shi, yara za su yi ta nuna kansu da yatsa. Ɗaura musu balan-balan a ƙafar kyamarar, can za su kalla.

Kafin ku bar wurin, zuƙo fuskar Hajiya ka kai mata ta gani da idonta.